Ranar Da Motata Ta Kama Wuta

Edita ya daɗe yana bina bashin rubutu domin shafin Hausa na wannan mujalla tamu, ni kuwa kullum muka gamu a ɗakin malamai sai in ce masa ba ni da labari. Gaskiyar magana ita ce ina da shi, kunya ce ta hana ni faɗa. Ni malamin kimiyya ne a wannan kwaleji, na yi shekaru ina koya wa malaman gobe yadda wuta ta ke kamawa da yadda ta ke mutuwa, amma ga shi saura kaɗan in ƙone 'ya'yana da hannuna saboda wani guntun tiyon roba wanda tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. To, yau na ajiye kunya gefe, gama Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga nawa gemun nan na kawo muku ku gani.

Kowa ya san albashin malami ba ya sayen sabuwar mota. Idan ka duba inda mu ke ajiye motoci a gindin itatuwan kwaleji, za ka ga yawancinsu sun girmi ɗaliban da mu ke koyarwa. Tawa ma haka ta ke. Na saye ta cikin 2016, irin waɗanda mu ke kira 'yan Kwatano, kuma kafin ta zo hannuna ta riga ta yi shekara goma sha takwas tana yawo a Turai. Ran da na kawo ta gida maƙwabta suka fito suna yi mini barka, uwargida ta yi guɗa, ni kuwa ina jin kaina kamar wani Razdan.

Ina zaune ne a G.R.A. ta nan Gombe, amma kada wani ya ji haka ya ce ashe Malam mai kuɗi ne. Ɗan sashen baya na ke haya a wani babban gida. Unguwar irin wadda Turawa suka keɓe ce domin ma'aikatan gwamnati, tun daga 1996 kuwa, da aka cire Jihar Gombe daga ta Bauci garin ya zama hedikwata, sai manyan gidaje suka ƙaru, katangu suka ƙara tsawo. Wuri ne mai shiru da inuwar dogon yaro. Amma shirun nan yana da nasa aibi. A Jekadafari ko Bolari in ka yi kururuwa sau ɗaya, kafin ka rufe baki mutum hamsin sun kewaye ka. A unguwarmu kuwa da tsakar rana sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka gamu da kowa ba, kowane gida ƙofarsa a rufe.

Warin ya fara ne cikin hunturun farkon 2024. Da safe in na buɗe mota sai in ji ɗan warin fetur, in na yi tafiya kaɗan sai in daina ji. Uwargida ce ta fara magana. Ta ce, "Malam, anya motar nan lafiya ta ke? Duk ran da na shige ta sai mayafina ya wuni yana warin mai." Na ce mata ai haka tsohuwar mota ta ke. 'Yar autarmu, wadda shekarunta shida a lokacin, ita ma kullum sai ta toshe hanci ta ce, "Baba, wari." In yi dariya in ce ta sauke gilashi.

Da maganar ta yi yawa sai na biya wurin makanikina. Ya buɗe murfin inji, ya sa na tayar, ya bi da yatsa har ya kai kan tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa inji. Ya nuna mini bakinsa ya yi tsatstsage kamar diddigen manomi da rani, yana ɗan jiƙewa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan tiyo ya gama aiki, sai sabo. Naira dubu huɗu ne da kuɗin aiki." Ranar kuwa wata ya yi nisa, ga azumi yana ƙaratowa. Na ce ya yi mini dabara zuwa ƙarshen wata. Ya yanke wurin da ya tsage, ya mayar da sauran, ya ɗaure da waya, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Malam, wannan na kwana biyu ne fa. Don Allah ka dawo." Ina shaida masa gaban Allah ya faɗa, har sau biyu. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, wani ma ya zo, ban koma ba.

Abin da ya ruɗe ni shi ne na daina jin warin. Na ɗauka dabarar makaniki ta yi aiki. Ashe hancina ne ya saba. Wannan kuwa abu ne da na sani a littafi sarai: hancin ɗan Adam in ya daɗe cikin wari ɗaya sai ya daina kai wa ƙwaƙwalwa labari, shi ya sa majemi ba ya jin warin majema. Sabo turken wawa, in ji magabata, ni kuwa na ɗauru a wannan turke wata biyu cur.

Akwai kuma wani wautar da na ƙara a kai. Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki. Daga nan na ɗauki al'adar in na sami gidan mai da sauƙi in cika jarka mai lita goma in ajiye a bayan mota, don kada in faɗa hannun 'yan bumburutu. A ganina tattali na ke yi.

To, ran wata Laraba cikin watan azumi, ƙarshen Maris na 2024, na tashi daga kwaleji wajen ƙarfe ɗaya na je na ɗauko yara daga makaranta. Su uku ne: ɗana mai shekara tara, da ƙanwarsa, da ɗan maƙwabcinmu wanda uwarsa ta ba ni amanarsa. Wanda ya san Gombe cikin Maris da Afrilu ya san irin ranar da a ke yi, zafi yakan kai digiri 40, kwalta har tana laushi. Mun shigo G.R.A. ke nan, saura kwana biyu mu kai gida, sai na ji motar tana shaƙewa kamar mai tari. Ɗana ya ce, "Baba, hayaƙi!" Na duba, sai ga baƙin hayaƙi yana fitowa ta gefen murfin inji, fentin tsakiyar murfin kuwa yana kumbura yana yin ƙuraje.

Ban san sa'ad da na taka birki na yi waje ba. Yaran nan maza biyu suka buɗe ƙofar hagu suka fice. Ita kuwa yarinyar tana zaune ne jikin ƙofar dama, wadda hannunta na ciki ya karye tun bara, ba ta buɗuwa sai ta waje. Wannan ma yana cikin abubuwan da na ce sai ƙarshen wata. Na hango ta ta gilashi tana jan karyayyen hannun nan da hannu biyu, ba ta kuka, idonta kawai a kaina. Na zagaya da gudu na buɗe na fizgo ta. Duka abin bai fi daƙiƙa goma ba, amma har yau in na rufe ido ina ganin fuskar nan.

Ina ajiye ta sai na ji wata murya daga bayana tana cewa, "Malam, kashe makulli! Kashe makulli!" Wani dattijo ne mai gadin gidan da ke kallon wurin, wanda kullum na ke wucewa in ɗaga masa hannu ba tare da na taɓa tsayawa mun gaisa sosai ba. Ashe don ruɗewa na bar inji yana aiki. Na miƙa hannu na murɗe makulli. Na ɗauko 'yar jar tukunyar kashe wuta daga ƙarƙashin kujera, na zare fil, na matsa, ta yi "fus" sau ɗaya ta yi shiru. Shekara takwas tana nan, ban taɓa duba allurarta ba. Don in nuna wa ma'aikatan hanya na saye ta, aikin da ta yi mini ke nan har ta mutu ban sani ba.

Sai na nufi gaban mota zan ɗaga murfi in ga abin da ke ci. Dattijon nan ya riƙe mini hannu da wani irin ƙarfi da ban zaci yana da shi ba. Ya ce, "Kul! In ka ɗaga ta sha iska, fuskarka za ta fara ci. Akwai mai a baya?" Na ce akwai jarka, Baba. Ya yi salati, ya ce in buɗe, ya sunkuci jarkar ya kai ta can tsallaken titi, ya kora yaran suka bi bayan wata katanga. Wata baiwar Allah ta fito daga gidan da bokitin ruwa, ya daka mata tsawa ya ce ta ajiye. Wutar ta riga ta fara ɗiga ƙasa tana ci a kan kwalta. Allah ya sa akwai tarin yashi a ƙofar wani gida da a ke gyara, ya zubar da ruwan bokitin, muka shiga ɗibar yashi muna watsawa ƙarƙashin mota.

Ana cikin haka Allah ya kawo wani direban motar ofis. Ya tsaya, ya fito da tasa tukunyar, babba, mai rai. Baba ya ce in ja abin buɗe murfi daga ciki kawai, kada a ɗaga. Murfin ya ɗan ɗago kamar faɗin yatsa biyu, direban ya sa bakin tukunyar ta wannan kafa ya feshe ta duka. Farin gari ya turnuƙe wurin. Muka ja da baya muka tsaya muna kallo, hayaƙi ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Direban ko sunansa ban tambaya ba, ya ce ana jiransa, ya shiga mota ya tafi. Allah ya saka masa da alheri duk inda ya ke.

Da hankalina ya komo na zauna a kan bencin Baba, ƙafafuna suna rawa. Na tambaye shi inda ya koyi wannan aiki. Ya ce shekara talatin ya yi a babbar mota, ya fara da karen mota har ya zama direba, yana ɗaukar auduga da gyada daga Gombe zuwa Jos da Kano. Ya ce ya ga mota ta ƙone ƙurmus a gabansa sau uku, kuma duk ukun sai da mai ita ya ji wari tukuna. Na ciro abin da ke aljihuna na miƙa masa, ya ture hannuna. Ya ce, "Malam, riƙe kuɗinka ka sayi tiyo."

Yanzu bari in koma bakin allo, in faɗa muku abin da na sani tun da daɗewa amma ban yi aiki da shi ba.

Ruwan fetur ba shi ne ke kamawa ba, tururinsa ne. Fetur kuwa yana fid da tururin da zai iya kamawa ko da cikin sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin Gombe. Man dizal sai ya yi zafi fiye da digiri 50 kafin ya yi haka, shi ya sa fetur ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Tururin nan ya fi iska nauyi sau uku ko huɗu, saboda haka ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙi, sai ya kwanta ƙasa ya bi rami da kwalbati da ƙarƙashin kujera. Idan ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Watau duk sa'ad da hancinka ya ji warin fetur a cikin mota, abin da ke kamawa ɗin ne ya riga ya iso inda ka ke zaune.

A cikin gidan inji kuwa ba a rasa abin kunnawa. Bututun da hayaƙi ke fita daga inji yakan yi zafin digiri ɗaruruwa, fetur kuwa yana iya kamawa da kansa ba tare da ashana ba in zafi ya doshi digiri 300. Ga wayoyin fulogi masu ɗauke da wutar lantarki mai ƙarfi, in sun tsufa sun tsage sai su riƙa tartsatsi. Ga kan batir in ya yi sako-sako. Da aka ja motata zuwa gareji, makaniki ya nuna mini tiyon ya tsage daidai bayan inda aka ɗaure da waya, yana kallon bututun hayaƙi, ga kuma wayar fulogi ɗaya a tsage kusa da shi. Bai ce mini kome ba, ni ma ban ce ba.

Ku lura kuma da wani bambanci. Motocin dā masu kabireta, famfonsu a hankali ya ke tura mai, in tiyo ya huje sai ya riƙa ɗiga. Motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau kuwa yawancinsu masu injekta ne, famfon lantarki ne ke turo man daga tanki da ƙarfin da ya fi na iskar da ke cikin tayar motar. In irin wannan tiyo ya tsage, feshi ya ke yi kamar na maganin sauro, kuma muddin inji yana aiki famfon ba zai daina turowa ba. Dalilin da ya sa Baba ya fara da maganar makulli ke nan. Dabarar ɗaurin waya da roba, wadda direbobin dā suka saba yi a daji don su kai gari, ba ta riƙe irin wannan ƙarfi.

Roba kuma tana tsufa ko ana hawan mota ko tana ajiye. Zafi yana busar da ita, mai yana cin ta daga ciki. Gurɓataccen mai yana ƙara gaggauta abin, kuma kuna tune da watan Fabrairu na 2022, sa'ad da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida cikin ƙasar nan har aka janye shi daga gidajen mai, gama metanol yana lalata roba. Motar da ta yi shekara ashirin, in ba a taɓa canja mata tiyon mai ba, to, tana tafiya ne da robar da aka sa mata tun kafin a haifi wasunku.

Game da ruwa kuwa, fetur ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka in ka watsa masa ruwa sai ya hau kansa yana ci, ruwan ya ɗauke shi ya kai inda dā bai kai ba. Yashi da ƙasa da garin tukunyar kashe wuta su ne ke raba shi da iska. A nan dai karin maganar gemu ba ta yi aiki ba.

Wannan tururi da ya kusa cinye ni shi ne dai ya yi ɓarnar da ta girgiza Arewa cikin 2024 da 2025. Daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta kife a garin Majiya cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa, mutane suka taru suna ɗibar man da ke malala, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Ran 18 ga Janairu, 2025, aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, fiye da mutum 80 suka tafi. Allah ya jiƙansu. Da na ji labarin Majiya na ji wasu a ɗakin malamai suna cewa jahilci ne. Na yi shiru, gama ni da takardar digiri a kimiyya na ɗauki yara uku da jarkar fetur cikin mota mai yoyo. Abin da ya kai su bakin tanka, watau tsadar mai da ganin cewa ai ba abin da zai faru, shi ne ya sa na ƙi komawa wurin makaniki.

Saboda haka, 'yan'uwana malamai da ku ɗalibai masu babura da masu shirin sayen mota in an fara albashi, ga abin da na ke roƙonku. In kun ji warin fetur, ko sau ɗaya ne, kada ku ce halin tsohuwar mota ne, ku nemi inda ya ke fitowa a ranar. In wani ya shiga motarku ya ce yana jin wari ku ba ku ji, ku gaskata shi, hancinsa ne sabo. Ku sa a canja tiyo da wanda aka yi musamman domin mai, a ɗaure shi da maɗaurinsa na ƙarfe. Ku duba allurar tukunyar kashe wuta, in ta bar kan kore ku sake ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa cikin 1988, ba don ta sami abin tambaya a hanya ta wajabta ta ba. Ku gyara kowace ƙofa ta riƙa buɗuwa ta ciki. Kada ku ajiye jarkar mai a mota. In kuwa abin ya faru, ku tsaya, ku kashe makulli, ku fid da kowa, ku yi nisa, ku kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112. Mu mun ci sa'a ne wutar ba ta yi ƙarfi ba, ga kuma wanda ya san aiki a kusa. In ta riga ta kama sosai, ku bar mata motar.

Gyaran ya ci mini Naira dubu ɗari uku da tamanin, na yi wata huɗu ina hawan Keke Napep zuwa kwaleji, ɗalibai suna gaishe ni suna ɓoye dariya. Wanda ya fi mini wuya shi ne zuwa gaban uwar yaron nan na maƙwabta in gaya mata abin da ya faru da bakina. Ta saurara har na gama, ta ce Allah ya kiyaye gaba, amma daga ranar ba ta ƙara sa ɗanta a motata ba, ni kuwa ban ga laifinta ba.

Yanzu kowace Juma'a da dare nakan shimfiɗa tsohon kwali ƙarƙashin mota, da safe in jawo in duba ko wani abu ya ɗiga. Sa'an nan in kira 'yar auta in ce ta shiga ta shinshina mini. In ta ce ba wari, mu tafi. In na zo wucewa ta ƙofar Baba kuma nakan tsaya in fito mu gaisa, shi kuwa bai taɓa barina in tafi ba sai ya tambaye ni lafiyar tiyo.

Allah ya kiyashe mu da gobara, ta gida da ta hanya. Amin.